Kai ko Ke: Amsa ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Ingila Karatu

Ƙanena, saƙonka ya same ni ina tsakiyar aikin dare, shi ya sa ban amsa nan take ba. Na karanta shi sau biyu a ɗakin hutun ma'aikata, na ga tambayar ta fi ƙarfin amsar layi biyu, kuma na san ba kai kaɗai take damu ba. Tunda ka yarda in amsa a fili, ga shi, ko wani mai haɗa jaka irinka zai amfana.

Ka ce jami'ar da ta ba ka gurbin digiri na biyu ta aiko maka da ƙa'idojin zaman ɗalibai, a cikin jerin abubuwan da take ɗauka cin zarafi ne ka ga wata kalma, "misgendering", wadda ba ka taɓa gamuwa da ita ba ko a karatun jarrabawar Turanci ta IELTS. Ka ce malamar da za ta duba aikinka ta rubuta "she/her" a ƙarƙashin sunanta a imel, ka rasa dalili tunda ba wanda ya tambaye ta. Sannan ka jero mini tambayoyi: me kalmar take nufi, da gaske ne abin da ake yaɗawa cewa ana ɗaure mutum ko a koro shi gida a kanta, kuma ina makomar wanda addininsa bai yarda namiji na komawa mace ba. Ka rufe da cewa, "Yaya, ki faɗa mini gaskiya, kada ki rufe ni." To, ba zan rufe ka ba. Shekarata 11 ina aikin jinya a ƙasar nan, abin da na gani shi zan faɗa maka.

Kalmar haɗi biyu ce. Akwai "mis", ɗafa-goshi ne da Turanci ke liƙa wa kalma don nuna an yi abu ba daidai ba, shi ne dai wanda ka sani a "mistake" da "misunderstand". Sai "gender", wato jinsi. Ana furta ta kamar misjenda. Ma'anarta kiran mutum ko ambatonsa da kalmar jinsin da ba nasa ba: a ce "he" inda ya kamata a ce "she", a ce wa mace "sir", a rubuta "Mr" a kan wasiƙar da ta dace da "Ms". Aikatau ce da ba ta tsayawa ita kaɗai, kullum akwai mai yi, akwai wanda aka yi wa. Za ka ji mutum ya ce "I was misgendered", wato an yi masa. Za ka ji wani ya ce "sorry, I misgendered you", wato ya amsa cewa shi ya yi. A Hausa ba mu da kalma guda da ta ɗauke ta. In ina yi wa wani bayani nakan ce saɓa wa mutum jinsi a magana, kuma ana gane ni.

Rashin kalmar bai sa mun rasa abin ba. Mu ma muka fi Bature saninsa. Bature in yana fuskantarka "you" kawai zai ce, namiji ne kai, mace ce, ko taron jama'a. Bahaushe kuwa ba zai iya ba ka wurin zama ba sai ya yanke hukunci a kanka tukuna: ka zauna ne ko ki zauna, naka ne ko naki, sannunka ko sannunki. Harshenmu ba ya barin mu wuce mutum ba mu ce ga jinsinsa ba. Yanzu ka ƙaddara mai koyon Hausa ya dubi wata dattijuwa ya ce mata, "Ina kwana, ka tashi lafiya?" Murmushi za a yi, a gyara masa, ita ma ba za ta riƙe shi a zuci ba. Sai ka ƙaddara kuma maza biyu suna cacar baki a gaban mutane, ɗaya ya dubi ɗaya ya ce, "Ke, rufe mana baki." Gaɓa ɗaya ce tak ta sauya, amma sai an shiga tsakani. Na farko tuntuɓen harshe ya yi, na biyu mari ya yi da baki. Duka biyun Bature "misgendering" zai kira su, amma na biyun ne takardar jami'arka take farauta. In ka riƙe wannan bambancin ka riƙe mafi yawan maganar.

Inda kalmar ta fi yawo shi ne a kan masu sauya jinsi, waɗanda ake ce wa "trans". Mutum ne da aka rubuta shi namiji ranar haihuwa amma yana jin kansa mace kuma haka yake rayuwa, ko akasin haka. Akwai kuma waɗanda suka ce su ba sa jin kansu a ko ɗaya daga cikin biyun, su ake ce wa "non-binary". Kada ka haɗa wannan da maganar wanda mutum yake sha'awa, batu ne daban. Kada kuma ka haɗa shi da mata-maza, wanda halittar jiki ce tun daga ciki, Turanci yana da wata kalmar dabam dominta. Na ji 'yan uwa da yawa suna cuɗa ukun wuri guda, daga nan duk abin da suka faɗa sai ya karkace.

Akwai wani abu a cikin kalmar da nake so ka lura da shi, don shi ne tushen duk rigimar da ake yi. Da zarar ka ce an kira mutum ba daidai ba, ka riga ka ce akwai daidai. To wane ne daidai? A bakin masu amfani da kalmar, da ƙamus, da takardar jami'arka, daidai shi ne jinsin da mutum ya ce nasa ne. Akwai Turawa da yawa, masu addini da marasa addini, da ba su yarda da haka ba, suna cewa daidai shi ne abin da jiki ya nuna, don haka a wurinsu ba su yi kuskuren komai ba. Kalmar ta zo da hukuncinta a goye. Ka san da haka, don kada ka shiga gardama kana zaton kan nahawu ake yi.

Amma kada ka ɗauka masu sauya jinsi kaɗai ake yi wa. Wanda na fara gani da idona, wata mata ce mai shekara 60 da wani abu, maganin ciwon daji ya zubar mata da gashi ya rame ta. Mai tura gadon marasa lafiya ya shigo da fara'arsa ya ce, "Ready, sir?" Ba ta ce komai ba. Bayan an dawo da ita na tarar ta juya fuska bango tana hawaye, ta ce mini ciwon ya ci gashinta, ya ci ƙarfinta, yanzu kuma ya kai ga ba a gane ta mace ce. Yara maza mabiya addinin Sikh da ba a aske musu gashi suna sha kullum a makaranta da shaguna. Ni kaina na sha. Sunan mahaifinmu ne sunan dangina a fasfo, sunana kuma ba su san shi ba, don haka wasiƙu da "Mr" suka riƙa zuwa mini shekara da shekaru. Muryata tana da kauri, a waya an ce mini "sir" ba adadi. Wata rana wani ma'aikacin banki ya ƙi ci gaba da magana da ni, wai mai asusun mace ce shi kuma namiji yake ji. Na amsa duk tambayoyin sirri daidai, ya ce a'a. Na ajiye wayar jikina yana rawa. Kuɗina ne, sunana ne, amma wani da bai taɓa ganina ba ya yanke cewa ba ni ba ce. Kai ma ka shirya. A kunnen Bature sunan da ya ƙare da "a" na mata ne, don haka su Musa da Isa da Hamza da Bala suna samun imel da "Ms" ko "Miss". Ranar da ta same ka za ka gane dalilin da ya sa malamarka ta rubuta "she/her": ta sauƙaƙa wa wanda bai taɓa ganinta ba, kuma wasu suna yi ne don kada masu sauya jinsi su zama su kaɗai ke bayanin kansu. Ba dole ba ne kai ka rubuta naka. In ka ga dama ka sa "he/him", ka huta da gyaran wasiƙu.

Wanda ya fi ba baƙi wahala shi ne "they" ga mutum ɗaya. An koya mana a makaranta cewa jam'i ne, sai ga mutum guda ya ce da shi yake so a ambace shi. Turanci ya daɗe yana yin haka ga wanda ba a san ko wane ne ba, tun ƙarni na 14 ake samunsa a rubuce, kamar a ce wani ya manta wayarsa a ce "someone left their phone". Sabon abu shi ne amfani da shi ga sanannen mutum da ke tsaye a gabanka. Ƙamus na Merriam-Webster ya shigar da wannan ma'anar a 2019, kuma a shekarar ya zaɓi "they" a matsayin kalmar shekara. Ni dabarar da ta taimake ni daga Hausa na samo ta. Mukan ce "Malam suna ciki", ko "Baba sun ce a gaishe ku", alhali mutum ɗaya muke nufi. Dalilin ya bambanta, namu girmamawa ce, amma harshenka ya riga ya saba ɗora jam'i a kan tilo. Da na tuna haka sai bakina ya daina tuntuɓe. Za ka kuma ga "Mx" a jerin laƙabi a fom, ana furta shi miks, na wanda ba ya son "Mr" ko "Ms" ne. Sai ƙanwar kalmar tamu, "deadnaming", wato kiran mutum da tsohon sunan da ya bari bayan ya sauya jinsi. Sau da yawa tare za ka gan su a takarda.

Bari in ba ka labarin nawa kuskuren, don a nan na koyi abin da ba a rubuta a ƙa'ida.

Shekarata ta uku ce. An kwantar da wani matashi a sashenmu da ciwon ciki mai tsanani, takardarsa ta nuna "he" ake ce masa, kuma na karanta. Da asuba ina miƙa aiki ga masu karɓar mu, muna tsaye a bakin gadonsa, labule ne kawai tsakani. Na gaji tiɓis, idona ya ga fuska da murya, bakina ya bi ido. Na ce "she" har sau uku. Abokiyar aikina ta taɓa ni ta ce "he". Sai na ruɗe. Na ɗaga labulen na shiga ba shi haƙuri, na ce ban yi da gangan ba, na ce ni ba haka nake ba, na ce Turanci ba harshena ba ne, na yi ta zuba har sauran marasa lafiya suka juyo suna kallo. Shi da ke murƙususu da ciwo, shi ya koma yana lallashina yana cewa ba komai. Da muka fito, abokiyar aikin nan, wadda ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba, ta ce mini kuskuren farko ƙarami ne, na biyun ne babba, don na tona shi a gaban ɗaki guda kuma na ɗora masa nauyin kwantar mini da hankali. Ta ce in ta sake faruwa in ce "he, sorry", in ci gaba da maganata. Shi ke nan. Har yau ban sami shawarar da ta fi wannan ba.

Da dare na gaba, da ɗakin ya yi tsit, yaron ya gaya mini kwana huɗu ya yi da ciwon a gida kafin ya zo, don yana gudun yadda za a kira shi a wurin jira. Kwana huɗu da ciwon da ya kai ga tiyata. Tun daga ranar na daina ɗaukar maganar a matsayin iyayin Turawa. Ko me nake gani game da jinsi, ba na son kalmar bakina ta zama dalilin da zai sa mara lafiya ya zauna a gida. Kuma kada ka ɗauka hakan ya sa mun rufe ido daga jiki. A asibiti jiki yana nan daram. Kafin a ɗauki hoton ciki dole a tambayi ko akwai yiwuwar juna biyu, kafin a ba da wasu magunguna dole a san halittar mutum. Ina yin waɗannan tambayoyin a hankali, labule a rufe, murya ƙasa-ƙasa, kuma ina kiransa da abin da ya nema. Biyun ba su taɓa karo a hannuna ba.

Wani abu da zai kwantar maka da hankali: tuntuɓen "he" da "she" ruwan dare ne a bakin baƙi, kuma Turawa sun sani. Abokan aikina 'yan Filifin wakilin suna ɗaya gare su na mace da namiji, haka Turkawa, haka Yarabawa da Ibo. Sukan ce "he" ga mai naƙuda, kowa ya gane, a wuce. Kai da ka tashi da shi da ita, ka fi su sauƙi.

Yanzu maganar doka, inda jita-jita ta fi yawa. A Birtaniya babu dokar da ta ce saɓa wa mutum jinsi a magana, shi kaɗai, laifi ne na ɗauri. Abin da ke akwai shi ne dokar daidaito ta 2010, mai aiki a Ingila da Wales da Sikotland. Ta lissafa abubuwa tara da ba a yarda a nuna wa mutum bambanci ko a ci zarafinsa a kansu ba a wurin aiki, makaranta, ko inda ake yi wa jama'a hidima. Sauya jinsi yana ciki. Addini ma yana ciki, launin fata yana ciki. Dokar da ta hana a yi wa hijabina ba'a a wurin aiki, wadda za ka dogara da ita in aka wulaƙanta ka saboda sallarka, ita ce dai ta kare wancan yaron. Cin zarafi a ma'aunin dokar shi ne abin da mutum bai so ba, wanda ya zubar masa da mutunci ko ya mayar masa da wuri na tsangwama da wulaƙanci, kuma ana duba yanayin da abin ya faru da ko hankali zai ɗauka ya kai haka. Suɓutar baki sau ɗaya da aka gyara ba ta kai nan. Nacewa bayan an gaya maka, a gaban mutane, kullum, ita ke kaiwa.

Shari'u biyu za su nuna maka iyakar gonar. Maya Forstater ta rasa aikinta a wata cibiyar bincike bayan ta rubuta a Twitter cewa mutum ba ya iya sauya jinsin halittarsa. Ta faɗi a kotun ma'aikata a 2019, ta ɗaukaka ƙara ta yi nasara a Yunin 2021: kotu ta ce wannan ra'ayi ne da doka ta kare, daga baya aka biya ta diyyar sama da fam 100,000. Amma a cikin hukuncin nan alƙali ya faɗa ƙarara cewa wannan bai ba masu ra'ayin lasisin saɓa wa mutane jinsi yadda suka ga dama ba. Ɗayan kuma likita ne Kirista, David Mackereth, wanda aka ɗauka aikin tantance masu neman tallafin naƙasa. Ya ce imaninsa ba zai bar shi ya kira masu sauya jinsi da abin da suka nema ba, aikin ya kuɓuce masa, ya kai ƙara. A 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda imaninsa abin karewa ne, amma ta ce masu aikin suna da hujjar neman ya kira waɗanda yake dubawa yadda suke so. Ya faɗi. Ka ga ke nan abin da ke zuciyarka naka ne, doka ta tsare maka shi, amma yadda kake mu'amala da wanda aka damƙa maka a wurin aiki, wannan masu aikin suna da ta cewa.

Za ka ji ana cewa Kotun Ƙoli ta rushe komai a 2025. Abin da ta yanke ranar 16 ga Afrilu shi ne kalmomin "mace" da "jinsi" a cikin dokar 2010 jinsin halitta suke nufi. Hukunci ne babba, ya shafi wuraren da aka keɓe wa mata zalla. Amma alƙalan sun jaddada cewa kariyar masu sauya jinsi daga bambanci da cin zarafi tana nan. Duk wanda ya ce maka yanzu an buɗe ƙofa ka kira kowa yadda kake so, zai kai ka ya baro.

Masu nufin wasu ƙasashe su binciki nasu, don abin ya bambanta. Kanada ta shigar da jinsin da mutum yake ji a dokar kare haƙƙinta a 2017, kuma a 2021 wata kotun haƙƙin ɗan Adam a lardin British Columbia ta sa a biya diyyar dalar Kanada 30,000 ga wanda aka nace da saɓa wa jinsi a wurin aiki sannan aka kora. Amurka kuwa kowace jiha da nata, gwamnatin tarayya ma ta juya a Janairun 2025 ta ce jinsi biyu kawai ta sani.

To maganar koro fa? Ba wanda zai sa ka a jirgi don ka ce "she" a maimakon "he". Amma ka fahimci yadda igiyar take. Bizarka a ɗaure take da jami'a. In ɗalibi ya dage da tsangwamar wani har kwamitin ladabtarwa ya kore shi, dole jami'a ta sanar da ma'aikatar cikin gida, ita kuma ta gajarta masa biza. Hanya ce mai tsawo, da gargaɗi da zama da damar kare kai, ba a faɗa mata da tsautsayi. Inda na fi ji maka tsoro shi ne ɗan aikin awa 20 a mako da biza ta yarda ka yi lokacin karatu, a shago ko gidan kula da tsofaffi. A can sabon ma'aikaci ba shi da gata sosai, ƙorafi ɗaya mai ƙarfi ya isa a daina kiransa aiki. Ka kuma kama bakinka a kan sirrin mutane. In aiki ya sa ka ga a takarda cewa wani ya sauya jinsi, ba labarin da za ka kai ɗakin shan shayi ba ne. Dokar 2004 ta amincewa da sauya jinsi ta mai da fallasa irin wannan bayanin laifi ga wanda ya same shi ta hanyar aiki, in mutumin ya nemi ko ya samu takardar shaidar sauya jinsi a ƙarƙashinta.

Tambayarka ta ƙarshe ita ta fi nauyi, kuma na ji daɗi da ka yi ta. Fatawa ta malamai ce, ka tambaye su, akwai masu ilimi a masallatan nan da suka san yanayin wurin. Abin da zan iya ba ka shi ne yadda nake yi. Ban sauya aƙidata ba, ba a kuma taɓa neman in sauya ba. Ba wanda ya taɓa tsare ni ya ce in rantse cewa namiji na zama mace. Abin da ake nema a wurina in kira mutum da sunan da ya ba ni da kalmar da ya nema, ni kuma ina yi, don a wurina kira ba shahada ba ce. Ina da abokan aiki, Musulmi da Kirista, da zuciyarsu ba ta natsu da haka ba, su suna kawai suke amfani da shi, su kauce wa "he" da "she" gaba ɗaya. Turanci yana taimaka musu, tunda in kana magana da mutum ido da ido "you" ce kawai, matsalar sai in kana ba da labarinsa take tasowa. Dabarar tana aiki a gajeriyar hulɗa. Amma in kun yi wata shida a rukunin bincike ɗaya, kowa kana ce masa "he" ko "she" sai mutum guda kake ta kewaye-kewaye, zai lura, kuma yana iya jin ka ware shi. In ka zaɓi wannan hanyar ka yi ta da sakin fuska, ka tabbata ta kowace fuska kana kyautata masa kamar kowa. Abin da ba zan yarda ka yi ba, ko da doka ta ƙyale ka, shi ne ka mai da ɗan Adam abin dariya in kun keɓe da 'yan gida, ko ka kira shi "it" kamar kujera. Na ji ana yi da Hausa a bas, ana zaton ba mai ji. Kunya ta kama ni.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka rage "sir" da "ma". Na san da ladabi kake yi, amma a nan ɗalibai da sunan yanka suke kiran malamai, kuma yawancin kuskuren baƙi daga nan yake fitowa, musamman a waya. In za ka rubuta wa wanda ba ka sani ba, sa "Dr" ko "Professor" in yana da shi, in babu ka rubuta cikakken sunansa. Sunaye irin Alex, Sam, Chris, Jamie da Charlie maza da mata duk suna amsawa, kada ka yi hasashe. In an zagaya aji ana gabatar da kai kowa yana faɗin nasa wakilin sunan, ka saurara da kyau, taimakonka ake yi. In ka rasa yadda za ka ambaci wani, ka tambaye shi a keɓe cikin ladabi, matambayi ba ya ɓata. Amma tambayar ta tsaya a kan kira. Tiyata, tsohon suna, me iyayenka suka ce, duk ba ruwanka.

Sai fom, wanda na tabbata yana gabanka yanzu. Za ka ga tambaya mai cewa, "Is the gender you identify with the same as your sex registered at birth?" Ma'anarta, shin jinsin da kake jin kanka a ciki shi ne wanda aka rubuta maka ranar haihuwa? Ka karanta ta sau biyu, don ta taɓa ruɗa ƙasa guda. An sa ta a ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2021, mutum 262,000 suka amsa da a'a, kusan kashi 0.5 cikin 100 na 'yan shekara 16 zuwa sama. Sai aka ga unguwannin Newham da Brent na Landan, inda baƙi suka yi yawa, su suka fi ko'ina, kuma waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne sun fi ba da wannan amsar. A Satumbar 2024 hukumar ƙididdiga ta amsa cewa akwai alamar wasu ba su fahimci tambayar ba, aka rage wa alƙaluman daraja. Kai amsarka "yes" ce. In ba ka son amsawa, yawanci akwai gurbin "prefer not to say", kuma ba ya taɓa gurbin karatunka.

Malamarka kuma ka amsa mata imel ɗinta yau, kada ka bar ta tana jira saboda wannan. Ka buɗe da "Dear Dr" da sunan danginta. In bizar ta fito ka turo mini ranar tashi da filin jirgin da za ka sauka, in nemi hutu tun da wuri in zo in tarbe ka. Ka gaishe mini da su Umma.

Yayarka.